Gajeren Turanci ya fi dogon Turanci zurfi: fashin baƙi kan kalmomin Ingilishi da yawan haruffansu

Wata ɗalibata a darasin yamma ta taɓa ajiye mini littafinta a kan tebur tana murmushi, irin murmushin wanda ya sha aiki yana jiran a ce masa sannu. Littafin rubutu ne mai kauri, ta ja layi da jan biro ta raba kowane shafi gida biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama. Shafukan farko na kalmomi masu haruffa uku ne, sai masu huɗu, sai masu biyar, har ta kai masu takwas. Daga waya ta kwafo su, dare bayan dare, duk tsawon hutun makaranta. Ta ce, "Malam, na gama da ƙananan, yanzu manyan nake so ka taya ni."

Na buɗe shafin masu haruffa huɗu, idona ya faɗa kan "bear". A gabanta ta rubuta: wata dabbar daji mai gashi. Daidai ne, ba ta yi kuskure ba. Sai na ɗauki alli na rubuta a allo: "I cannot bear it." Na ce ta fassara mana. Ta daɗe tana kallon allon, can ta juyo ta ce, "Malam, ta ina dabbar ta shigo nan?" Babu dabba a jimlar. Abin da take nufi shi ne ba zan iya jurewa ba. Waɗannan haruffa huɗun dai su ne ɗaukar kaya, su ne haihuwa, su ne bishiya ta yi 'ya'ya, kuma idan aka ce "bear witness" ana nufin ba da shaida.

Abin ya taɓa mini rai, domin yarinyar ba raguwa ba ce. Hanyar da ta bi ce ta sa mata wani zato wanda na sha gani a wurin ɗalibai da yawa, har da manya masu aiki: wai gajeriyar kalma ita ce mai sauƙi, doguwa ita ce mai wuya, saboda haka a hau Turanci kamar tsani, daga haruffa uku zuwa goma sha biyar. A Ingilishi kusan akasin haka ne gaskiya.

Jerin nan na 'yan wasa ne

Ƙamus ba ya jera kalmomi bisa tsawonsu, abacada yake bi. Masu rubuta littattafan koyon harshe kuma suna jera su ne bisa yawan amfani da ake yi da su, ko bisa fanni, na kasuwa daban, na asibiti daban. Jera kalmomi bisa yawan haruffa al'adar masu wasa ƙwaƙwalwa ce. Ranar 21 ga Disamba 1913 jaridar New York World ta buga wasan cike gurbi na farko irin wanda aka sani a yau, wanda wani ɗan jarida mai suna Arthur Wynne ya tsara. A wannan wasa ana ba ka ma'ana, a bar maka gidaje fanko. In gidajen biyar ne, to mai haruffa biyar kake nema, ko da ka san wata mai shida da ta fi dacewa da ma'anar. Mai wannan buƙata shi ne zai ji daɗin littafin da ya ware masu biyar a wuri guda.

Sai wasan Scrabble, na haɗa kalmomi a kan allo da 'ya'ya masu haruffa, wanda wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Alfred Butts, ya ƙirƙiro a shekarun 1930 lokacin da ya rasa aiki, aka kuma raɗa masa wannan suna a 1948. Allonsa gida 225 ne, 'ya'yansa 100, kowane ɗan wasa yana riƙe da bakwai a hannu. Harafin E guda goma sha biyu ne a jaka, kowane maki ɗaya tak, don ya fi kowane harafi yawa a harshen. Q da Z kuwa ɗai-ɗai ne, kowane maki goma. Wanda ya zube 'ya'yansa bakwai a tashi ɗaya yana samun ƙarin maki 50. Da ka ji wannan ƙa'ida ka gane dalilin da ya sa gwanayen wasan ke haddace kalmomi masu haruffa bakwai da takwas, da kuma masu biyu, waɗanda ake liƙa kalma a jikin wata da su. Masu haruffa biyu da aka yarda da su a gasar duniya sun ɗan haura 120, kuma da yawansu Baturen da aka haifa a Landan ma bai taɓa furta su ba. "Qi" kalma ce daga falsafar mutanen Sin mai nufin ƙarfin rai. "Xu" ƙaramin kuɗin Biyetnam ne. "Jo" masoyi ne a bakin mutanen Sukotlan. "Aa" wani irin dutse ne mai kaushi da ke daskarewa bayan aman wuta, daga harshen mutanen Hawai.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A watan Nuwamba 2015, a birnin Perth na Ostareliya, Wellington Jighere ya doke Lewis Mackay na Ingila wasa huɗu da nema a karon ƙarshe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kambun duniya na Scrabble ɗin Ingilishi. Abin da ya ja hankalin masu sharhi a kan 'yan wasan Najeriya shi ne yadda suke fifita gajerun kalmomi, masu haruffa huɗu ko biyar, a wuraren da wasu za su shimfiɗa doguwa. Doguwar kalma tana buɗe wa abokin karawa hanyar gidaje masu ninka maki, gajeriya tana toshe masa, ta kuma bar maka haruffa masu kyau a hannu.

Amma a wannan shekarar ta 2015 wani abu ya faru wanda ya fi nuna mana iyakar irin wannan hadda. Nigel Richards, mutumin Niyu Zilan, ya je Beljiyam ya ci gasar duniya ta Scrabble ɗin Faransanci, alhali ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya zauna ya haddace cikin 'yan makonni, siffarsu kawai, ba ma'anarsu ba. Baiwa ce babba, ba na raina ta. Sai dai ta tabbatar da cewa mutum zai iya riƙe dubban kalmomi a kansa bisa tsawo da jerin haruffa, ya kasa tambayar hanyar tasha da su. A wasa wannan ya wadatar, domin alƙalin wasa ba ya tambayar ma'ana. Ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko JAMB, inda za a ja layi a ƙarƙashin kalma cikin jimla a ce ya zaɓo wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, buƙatarsa daban ce.

Yawaitar jerin masu haruffa biyar a intanet kuwa, wasan Wordle ne ya ƙara hura wutarsa. Wani injiniyan manhaja ɗan yankin Wales, Josh Wardle, ya sake shi ga jama'a a watan Oktoba 2021, kamfanin jaridar New York Times ya saye shi a Janairu 2022. Kalma ɗaya ake ɓoyewa kowace rana, mai haruffa biyar, a ba ka dama shida ka canko ta. Akwai darasi a yadda aka tsara shi. A lokacin da aka fito da shi, kalmomin da wasan ke karɓa a matsayin canke sun kusa 13,000, amma waɗanda aka ware tun farko su zama amsa ba su wuce 2,300 da 'yan kai ba, domin sauran baƙi ne ga yawancin masu harshen kansu. Ke nan wanda ya kwafi cikakken jerin masu haruffa biyar ya hau hadda, kashi huɗu cikin biyar na wahalarsa a kan kalmomin da da wuya ya gamu da su a jarida ko a littafi zai ƙare.

Abin da ya sa gajeru suka fi nauyi

Wani masanin harshe na jami'ar Harvard, George Zipf, ya bayyana wata ƙa'ida a 1935: kalmar da aka fi yawan amfani da ita takan fi gajarta. Harshe kamar turmi yake, abin da ake dakawa kullum shi ke lallausa. Kana iya ganin haka yana faruwa a idonka. "Telephone" ta koma "phone", "examination" ta koma "exam", "laboratory" ta koma "lab", "influenza" ta koma "flu", "omnibus" ta koma "bus", wadda mu kuma muka karɓa muka ce bas. Mu ma a Hausa kalmomin da ba a iya jimla biyu ba tare da su ba ai su ne da, a, na, ta, ya, ba, ne, ce.

A shekarun 1960 masana a jami'ar Brown ta Amurka sun tara rubuce-rubuce iri-iri har kalma miliyan ɗaya suka ƙidaya. "The" ita kaɗai ta cinye kusan kashi bakwai cikin ɗari, "of" ta biyo ta da kusan rabin haka, sai "and". Kalmomi 135 kacal su ne rabin duk rubutun, kuma kusan dukkansu gajeru ne.

To kalmar da ke yawo a bakin kowa, a kasuwa da kotu da gona da ofis, ɗaruruwan shekaru, kowa sai ya ɗora mata kayansa. Bahaushe bai kamata ya yi mamakin wannan ba, don yana da "ci" da "sha". Haruffa biyu-biyu ne, amma a ce wa baƙo "ci" na nufin sa abinci a baki, sannan a sake shi cikin gari. Zai ji an ci jarrabawa, an ci zaɓe, an ci amana, an ci bashi, an ci kasuwa, an ci sarauta, an ci mutunci, an ci gaba. Zai ji an sha wahala, an sha iska, an sha kashi, an sha alwashi, an sha bamban, wani kuma ya sha kunu ba tare da ya ga ludayi ba. Wa zai ce wa wannan baƙo ya gama da "ci" don ya rubuta ta a shafin masu haruffa biyu?

Haka "run" take a Ingilishi. Gudu ne, e. Amma mai shago yana "run" ɗin shagonsa, wato yana gudanar da shi. Ɗan siyasa yana "run for governor", wato ya tsaya takara. Inji in yana aiki an ce yana "run", hanci in yana yoyo haka, atamfa in tana zuba a wanki haka. In aka ce "we have run out of rice", shinkafa ce ta ƙare, ba wanda ya tsere. Masu sabunta babban ƙamus na Oxford, da suka gama aikin wannan kalma a 2011, ma'ana 645 suka lissafa mata a matsayinta na aikatau kawai. Kafin nan "set" ce ke riƙe da tuta, da ma'ana 430 a bugu na biyu na 1989. Dukkansu haruffa uku ne. Kwatanta su da "photosynthesis" mai haruffa goma sha huɗu, wadda ma'anarta ɗaya ce tilo: yadda tsiro ke haɗa abincinsa da hasken rana. Ka koye ta yau, ka gama da ita har abada.

Wurin da ɗalibanmu suka fi tuntuɓe shi ne inda gajeren aikatau ya haɗu da wata 'yar mitsitsiyar kalma, su biyun su haifi ma'anar da ba ta kama da uwa ba ta kama da uba. "Put" ajiyewa ce. "Put on" saka tufafi, "put off" ɗage abu zuwa wani lokaci, "put out" kashe wuta, "put up with" jure halin wani. "Give up" haƙura da abu, "give in" miƙa wuya. "Look for" nema, "look after" kula da wani, "look down on" raini. "Take off" tuɓe riga ne, kuma tashin jirgin sama ne. Babu jerin da aka tsara bisa yawan haruffa da zai nuna maka ko ɗaya daga cikin waɗannan, domin shi kalma ɗai-ɗai yake tsinta, ya raba ta da maƙwabtanta.

Masu haruffa biyu ma ba kanwar lasa ba ne. Inda Hausa za ta ce "a" ta wuce, a Kano, a tebur, a gida, Ingilishi sai ya raba uku: "in", "on", "at". Wanda ya zo "on time" ya zo daidai lokacin da aka sa, wanda ya zo "in time" ya zo kafin a makara. Na ga masu digiri da ke rubuta "notwithstanding" ba gargada, amma su tsaya suna wasi-wasi tsakanin waɗannan.

Yaƙin da ya raba harshen hawa-hawa

Akwai tarihi a ƙarƙashin wannan tsawo da gajarta. Asalin Ingilishi harshen wasu ƙabilu ne 'yan uwan Jamusawa da suka ƙetara zuwa tsibirin Birtaniya tun ƙarni na biyar. Kalmomin da suka zo da su na rayuwar yau da kullum ne, kuma gajeru: "man", "wife", "house", "eat", "drink", "sun", "cow". Daga baya mahara daga yankin Danmak da Nowe suka zauna a arewaci da gabashin ƙasar, suka bar nasu, su ma gajeru: "sky", "egg", "leg", "skin", "take", har da "they".

A 1066 Wiliyam na Normandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gari na tsawon ƙarnuka, Latin kuma na coci da malamai, Ingilishi ya zauna a bakin talaka. Har yau tabon yana nan. Dabbar da talaka ke kiwo sunanta na Ingilishi ne, "cow", "sheep", "calf", amma namanta da ke isa teburin masu mulki sunan Faransanci ya ɗauka, "beef", "mutton", "veal". Da ilimin kimiyya ya bunƙasa kuma aka yi ta ɗebo kalmomi daga Latin da Girkanci. Wani ƙidaya da aka yi wa kalmomi kusan 80,000 na wani ƙamus ɗin Oxford a 1973 ya nuna kimanin kashi 28 cikin ɗari daga Faransanci suke, kimanin kashi 28 daga Latin, kusan kashi 25 ne kawai daga tsohon Ingilishi da danginsa. A ƙamus baƙin sun fi yawa, amma a baki 'yan gida ne ke aiki.

Shi ya sa sau da yawa za ka tarar da abu ɗaya yana da suna hawa uku. "Ask" tambaya ce ta gida, "question" ta fi ta tsari, "interrogate" kuwa sai a ofishin 'yan sanda. "Fire" wuta, "flame" harshenta, "conflagration" gobarar da ta ci unguwa. Mu ma muna da kwatankwacin haka: ruwa, wuta, uwa, uba, zo, je namu ne na gado, amma da an shiga zancen shari'a da ilimi sai Larabci ya fito, hukunci, adalci, hujja, siyasa. Ba ƙa'ida ce marar togiya ba, domin "use", "age", "pay" da "joy" gajeru ne amma daga Faransanci suka zo. Sai dai a dunƙule haka abin yake, kuma shi ne dalilin da ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci, in ya fara koyon Ingilishi, yakan ga "administration" da "information" kamar 'yan garinsu, sannan "get" da "put" su hana shi barci.

Doguwar kalma kuwa ɗinki ce, ana iya warware ta. "Unbelievable" haruffa goma sha biyu ce, amma ƙyalle uku aka haɗa: ɗafa-goshi "un" mai kore abu, saiwa "believe" wato yarda, da ɗafa-ƙeya "able" mai nuna yiwuwa. Abin da ba zai yiwu a yarda da shi ba. Saiwar Latin "port" ɗauka take nufi. Wanda ya riƙe wannan ya buɗe "import" shigo da kaya, "export" fitar da su, "transport" ƙetarar da su, "portable" abin da ake iya ɗauka a hannu. Wanda ya yi Islamiyya ya san wannan dabara tun yana yaro, don ya ga yadda kitab da katib da maktab suka fito daga baƙaƙe uku. Hausa ma haka take gina manomi daga noma, mabuɗi daga buɗe, makaranta daga karanta.

Ko kalmar da ake yawan ambata a matsayin mafi tsawo a manyan ƙamusoshi, "pneumonoultramicroscopicsilicovolcanoconiosis", mai haruffa 45, in ka fasa ta sai ka ga huhu, da ƙanƙanta ta wuce misali, da yashi, da dutse mai aman wuta, da ƙura, da cuta: ciwon huhu daga shaƙar ƙura mai laushi. A 1935 shugaban wata ƙungiyar masu wasa ƙwaƙwalwa a Amurka ya ƙera ta da gangan don ta yi tsawo. Likitoci "silicosis" suke cewa. A yi hattara dai, warwarar ɗinki takan yaudari mutum jefi-jefi. "Invaluable" ba marar daraja ba ne, abin da darajarsa ta wuce a yi masa kuɗi ne. "Inflammable" ba abin da wuta ba ta ci ba ne, mai saurin kamawa ne, kuma wannan kuskure a jikin tankar mai yana iya cin rai.

Ina ganin son da muke yi wa dogon Turanci yana da hannu a wannan ruɗani. Mun taso muna jin ana tafa wa wanda ya fasa kalmar da ba wanda ya gane, har yaro ya ɗauka iya Turanci shi ne ya ce "commence" inda "start" ta isa, ko "purchase" a maimakon "buy". Doguwar kalma tana da wurinta, a takardar kotu da rahoton likita. Amma wanda ya iya sarrafa gajerun shi ne wanda in ya yi magana ake gane shi, in an yi masa kuma ya gane.

Harafi daban, sauti daban

Wata matsalar ƙidayar haruffa ita ce a Ingilishi abin da ido ke gani ba shi kunne ke ji ba. Haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kimanin 44. "Through" haruffa bakwai ce, sautinta uku. "Though" shida ce, sautinta biyu. "Strengths" haruffa tara ce da wasali ɗaya tak, gaɓa ɗaya, alhali "idea" mai haruffa huɗu gaɓa uku ce. Dubi "ough" a cikin "through", "though", "tough", "cough", "bought" da "plough": rubutu ɗaya, furuci shida. Dalili shi ne rubutun ya fara daskarewa bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, shi kuwa furuci bai tsaya ba. K ɗin da ke farkon "knee" da "knife" a dā ana furta ta. B ɗin da ke cikin "debt" da "doubt" kuwa malamai ne suka cusa ta don a tuna asalin kalmomin a Latin, ba a taɓa jin ta a baki ba.

Ga mai Hausa a baki, wanda harshensa ya saba da baƙi ya bi wasali, wuyar kalma ba a tsawonta take ba, a cunkoson baƙaƙenta take. Shi ya sa da muka ari "bread" muka ce burodi, "brake" birki, "glass" gilashi, muka buɗa tsakanin baƙaƙen muka zuba wasula. "Banana" mai haruffa shida ba ta ba kowa wahala, amma a ce wa ɗan aji ɗaya ya furta "sixth" ko "asked" masu biyar.

Duk da haka ba zan ce jerin ba shi da amfani ko kaɗan ba. Wurin gyaran rubutu yana taimakawa ƙwarai, domin kalmomin da ake rikitawa sau da yawa tsawonsu ɗaya ne, harafi biyu ne kawai suka yi musayar wuri: "quite" da "quiet", "angel" da "angle", "dairy" da "diary", "trial" da "trail", "form" da "from". Haka masu bambancin sauti ɗaya da ke kama harshenmu, "pull" da "full", "pan" da "fan", "van" da "ban". Jera su kafaɗa da kafaɗa yana wasa ido. Kuma akwai wani sirrin rubutun Ingilishi da sai ta ƙidayar haruffa ake ganinsa: kalmar da ke ɗauke da ma'ana mai jiki, suna ko aikatau, ba ta cika gaza haruffa uku ba, ƙananan kalmomin haɗi ne ake bari da ɗaya ko biyu. Shi ya sa ake rubuta "in" amma masauƙi "inn", "be" amma ƙudan zuma "bee", "by" amma saye "buy", "I" amma ido "eye". Shi ya sa "egg" da "add" da "odd" suka ninka harafin ƙarshe. 'Yan kaɗan ne suka fita zakka, irin su "go", "do" da "ox".

Mai karanta jaridun Turanci na Najeriya kuma zai gamu da wani rukunin gajerun da editoci ke so saboda ƙarancin fili a kanun labari, kuma kusan duk ba a ma'anarsu ta farko suke zuwa ba. "Axe" gatari ne, a kanu kora daga aiki. "Flay" feɗe fata ce, a kanu caccaka. "Bid" tayi ne a kasuwa, a kanu yunƙuri. "Row" layi ne ko tuƙa kwalekwale, amma a kanu rikici ne, kuma furucinta ma ya sauya. "Nab" cafkewa, "probe" bincike, "laud" yabo, "oust" tsigewa, "curb" daƙilewa.

Ban ce wa ɗalibar nan ta yar da littafinta ba. Na ce ta bar shi don gyaran rubutu, ta buɗe sabon shafi a baya, ta rubuta kalma ɗaya tak a sama, "get", kuma duk inda ta ci karo da ita, a jarida ko a rediyo ko a littafin karatu, ta kwafe jimlar gaba ɗaya, ta rubuta abin da take nufi a wannan wurin. Bayan mako uku ta dawo da shafi biyu cike: samun aiki, tashi daga barci, yin aure, ɓata a hanya, samun sauƙi, isa gida, gane magana. Ta nuna mini ta ƙarshe da bakin biro, wadda ta ji a wani shiri ta kasa kamawa. Ta ce, "Malam, 'she never got over it' fa?" Na ce mata ana faɗin haka ne ga wadda wani rashi ko baƙin ciki ya same ta, har yau bai sake ta ba. Ta matsa rubutun a ɗan filin da ya rage a ƙasan shafin, ta juya na gaba, ta sake rubuta "get" a sama.